Wasiƙun Daura, a Gidan Masu Karɓa Ake Nemansu

A watan Yuni na 2020 aka yi gwanjon wata wasiƙa mai shafi 4 a birnin Paris, aka saye ta a kan Yuro 210,600. Masu zanen hoto biyu ne, Vincent van Gogh da Paul Gauguin, suka haɗa hannu suka rubuta ta a garin Arles na kudancin Faransa a farkon Nuwamba 1888, zuwa ga abokin sana'arsu Émile Bernard. Yau tana gidan tarihin van Gogh a Amsterdam. A Turai tara wasiƙun masu zane na da can sana'a ce mai zaman kanta, da dillalanta, da masu gane hannu, har da masu yin jabu. Attajiri kan saya don ya mallaki abin da hannun gwani ya taɓa. Masani kuwa kan bi su don ya san ranar da aka yi zane kaza, da wanda ya biya kuɗin fenti, da halin da mai zanen yake ciki sa'ad da yake aikin.

Yadda wasiƙun van Gogh suka tsira ya fi kuɗin da ake sayensu abin lura. Ya mutu a 1890 yana da shekara 37, bai yi wani suna ba. Bayan wata shida ƙanensa Theo ya bi shi. Theo mutum ne mai adana takarda, ya tara wasiƙu fiye da 650 da wansa ya aiko masa. Matar Theo, Johanna, da aka bari da jariri a hannu, ita ta zauna ta jera su, ta buga su a 1914. Shi kuwa Vincent ba ya ajiya, shi ya sa daga cikin amsoshin da Theo ya riƙa aika masa, kusan 40 kawai suka rage. Dalilin a fili yake: wasiƙa ba ta zama a gidan wanda ya rubuta ta. Tana fita daga hannunsa ta zama kayan wani, kuma ranta yana hannun wanda ya karɓa da magadansa. Duk mai son sanin inda rubutun mutanen Daura na da ya shiga, daga nan zai fara.

Daura ba ta rasa tarihi ba. Rijiyar Kusugu tana nan, labarin Bayajida da Magajiya Daurama kowane ɗan makaranta ya san shi, makaɗan fada suna riƙe da kirarin sarakuna, Sallar Gani kuma tana tuna wa mutane tsarin sarautun da. A rubuce akwai Girgam, jerin sunayen sarauniyoyi da sarakuna, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1928. M. G. Smith ya zo Daura a ƙarshen shekarun 1950 ya zauna da dattawa da masu sarauta, littafinsa The Affairs of Daura ya fito a 1978, har yau kuma shi ne madogara a kan tarihin masarautar daga 1800 zuwa 1958. Amma jerin sarakuna suna yake bayarwa da shekarun mulki, hirar dattawa kuma abin da aka tuna ne bayan lamari ya wuce, kowa ya riga ya san wanda ya yi nasara. Wasiƙa ita ke kama mutum a tsakiyar al'amari, yana roƙo, ko yana ƙorafi, ko yana jin tsoron abin da bai san ƙarshensa ba.

Sai kuma a tambaya, su wane ne masu zanenmu na da? Ƙasar Hausa ba ta yi al'adar zana surar mutum a rataye a bango ba, addini ma bai ƙarfafa hakan ba. Gwanintar ido da hannu ta bi wasu hanyoyi: ɗinkin aska takwas a gaban riga, zanen magina a fuskar soro da cikin daurin guga, aikin dukawa, sai uwa uba rubutun Alƙur'ani da zayyanarsa. Duk wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu ya ga baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da rawaya, ya ga alamomin hizifi da sumuni a gefen shafi kowace da irin nata ado, ya ga cikakken shafin zayyana a farkon kowane rubu'i, ya san cewa a gaban aikin mai zane yake. Wani Alƙur'ani na Borno da A. D. H. Bivar ya bayyana wa duniya yana ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669, a zamaninmu kuma Kano ta ga Sharu Bala Gabari, wanda aka buga rubutun hannunsa ya shiga makarantun allo ko'ina. Allon zayyana da ake yi wa yaro ranar saukarsa reshe ne na wannan sana'a. To, irin waɗannan hannuwa ne suka rubuta wasiƙun sarakuna da na fatake, domin wanda ya iya riƙe alƙalami shi ake kira idan za a aika da takarda. A ganina, tara wasiƙun ƙasar nan na da, tara aikin masu zanenmu ne kai tsaye, ko da yake magatakarda ba ya sa sunansa. Hatimin sarki ne, maganar ta sarki ce, amma hannun nasa ne, kuma wanda ya saba yana iya gane hannu ɗaya a takardu goma.

Ita kanta wasiƙar abin kallo ce. Takardar daga Italiya aka fi kawo ta, ta Tarabulus da hanyar Sahara, idan aka ɗaga ta a haske sai a ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. Da tsada take zuwa, saboda haka ake yanka ta daidai da tsawon magana. Alƙalami na kara ne. Tawadar allo, ta gawayi da ƙaro, wankuwa take, don haka ta takarda dabam ake dafa ta, da bagaruwa a ciki, don ta kama. Da Larabci ake rubuta sha'anin mulki. A fara da Bisimilla da salati, hatimi a sama, sannan daga wane zuwa ga wane, da gaisuwa gwargwadon girman wanda aka rubuta wa, sa'an nan buƙata cikin layi kaɗan. Sau da yawa asirin maganar ba ya cikin takardar, yana bakin manzo, takardar shaida ce kawai cewa a gaskata shi. Yawancin wasiƙun daular Sakkwato ba su da kwanan wata, sai ta hatimi da sunayen da aka ambata ake gane zamaninsu. Rubuta wasiƙa ya zama fanni har Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya ƙare rayuwarsa a Karachi ta ƙasar Gana a 1934, ya wallafa littafi a 1877 yana koya wa mutane salon wasiƙu iri-iri, na sarakuna da na 'yan kasuwa.

Wasiƙa mafi tsufa da aka sani daga wannan yanki ta tabbatar da zancen gidan mai karɓa. Wajen 1391 Mai Usman ɗan Idris na Borno ya rubuta wa Sarkin Masar Barƙuƙ yana kukan cewa wasu Larabawa suna kama talakawansa Musulmi suna sayarwa. Ba a Borno ta tsira ba. Wani magatakarda na fadar Alƙahira, al-Ƙalƙashandi, shi ya kwafe ta cikin littafinsa na koyar da aikin ofis, har ya faɗi siffar takardar da irin rubutun. Nasihar al-Maghili ga Sarkin Kano Muhammadu Rumfa da wasiƙar Suyuɗi ga Sarkin Katsina Ibrahim, duka a ƙarshen ƙarni na 15, su ma sun kai gare mu ne saboda malamai sun ɗauke su a matsayin littafi suna ta kwafa.

A Daura, abin da ya rarraba takardu shi ne jihadi. Da yaƙi ya matso, sarakunan Daura da Katsina da Kano suka nemi gudummawar Borno, wadda suke ganin girmanta tun da daɗewa. Wannan neman taimako yana cikin abin da ya jawo Borno cikin rikicin, ya kuma haifar da doguwar muhawara a rubuce tsakanin Shehu Laminu na Borno da shugabannin Sakkwato kan halaccin yaƙar sarakunan da ke salla. Muhammadu Bello ya zuba wasiƙun ɓangarorin biyu cikin Infaƙul Maisuri a 1812, har da waɗanda suke sukarsa. Wannan adalci ne na mai tara takardu da ya cancanci yabo, domin da ya ga dama da ya bar namu zamanin da rabin zance.

Wajen 1805 Malam Isiyaku, mai tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya ci birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa ya yi arewa. Daga nan har shekara ɗari aka yi Daura uku. Akwai ta Fulani a cikin birni, mai biyayya ga Sakkwato. Akwai Zango, inda zuriyar tsohon gidan sarauta suka kafu, akwai kuma Baure, inda wani reshe na gidan ya zauna. Su biyun nan sun koma ƙarƙashin inuwar Damagaram, wadda ta yi ƙarfi ƙwarai a zamanin Sarki Tanimu. A arewa da su kuma ga garuruwa irin su Yekuwa da Magarya, tsofaffin ƙasashen Daura. Kowace fada da malamanta, da alƙalinta, da mai rubuta mata takarda. Sarkin Daura na birni idan zai sanar da rasuwa, ko ya nemi a tabbatar da naɗi, ko ya kai ƙarar maƙwabci kan iyaka ko gudun bawa, Sakkwato da Kano da Katsina da Kazaure takardarsa za ta nufa. Sarkin Zango da na Baure kuwa Damagaram tasu ke fuskanta. Ashe ke nan muryar Daura ta ƙarni na 19 ta rabu gida biyu tun a lokacin, rabi yamma da kudu, rabi arewa. Abin da ya zauna a gidajen Daura kuma shi ne abin da wasu suka aiko: umurnin Sarkin Musulmi, amsar Waziri, takardar wani malami na Katsina, ta wani falke daga Gwanja.

Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. A gidan Waziri Buhari aka tarar da tarin wasiƙu daga sarakunan daular, domin gidan Waziri, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, shi ne babban ofishin takardun Sarkin Musulmi. H. F. Backwell ya fassara wani kaso nasu ya buga a Legas a 1927. A cikinsu ne ake jin Lamiɗo Zubairu na Adamawa yana ba da labarin faɗuwar Yola a 1901, ake jin Sarkin Kano Alu yana ba da shawarar a yi hijira tun Nasara ba su iso ba. Babu wani waƙen fada ko jerin sarakuna da zai ba ka wannan fargaba yadda take. A gefe guda kuma ga shahararriyar wasiƙar 1902 da Gwamna Lugga ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa, mai cewa babu komai tsakaninsu sai yaƙi, wadda ya kafa hujja da ita. Fassararta ta Turanci ce ta yaɗu, masana irin su D. J. M. Muffett sun yi shakkar yadda aka yi amfani da ita, kuma rashin asalin takardar a gaban masu bincike shi ya hana gardamar mutuwa. Da akwai ta, da hatimi da hannu da irin takardar sun raba gardama. Wannan kaɗai ya isa ya nuna bambancin asali da kwafi.

A 1906 Turawa suka sauke Sarkin Daura Murnai, na ƙarshe a gidan Fulani, suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi gadon kakanninsa. Ba su yi wa wata masarauta irin wannan a daular ba. Gida ɗaya ya fita daga fada, wani ya shiga, kuma duk inda aka yi irin wannan sauyi, takardu kan bi masu su zuwa inda suka koma. A daidai lokacin ne hukumar shata iyaka ta Ingila da Faransa, ƙarƙashin O'Shee da Tilho, ta bi ta wannan yanki tsakanin 1906 da 1908, ta bar Zango da Baure a Nijeriya, Magarya da Yekuwa a ɓangaren Faransa. Mutanen Tilho sun rubuta tarihin garuruwan da suka ratsa daga bakin dattawa, aka buga a Paris. Daga nan hanyar takarda ta sake sauyawa. Malam Musa ya rasu a 1911, ɗansa Abdurrahman ya hau ya yi shekara 55, har 1966. A tsawon wannan mulki wasiƙun Sarki da na hakimai da na alƙalai suna tafiya ofishin Di'o da na Razdan, da farko a Lardin Kano, daga 1934 kuma a Lardin Katsina. Da Larabci da ajami aka fara, boko ya zo ya karɓe a hankali, har keken rubutu ya shigo ofishin En'e ya kashe kasuwar kyakkyawan hannu. Fayilolin larduna su ne aka kwashe daga baya zuwa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Na ɓangaren Faransa kuwa sai a Damagaram da Yamai da Dakar da Aix ta Faransa.

Aikin tarawa na zamani ya fara ne gab da samun mulkin kai. Kenneth Dike ya kafa ma'ajiyar takardun Nijeriya a 1954. Bivar ya tara rubuce-rubucen Larabci a gidan tarihi na Jos, ya kuma yi nazarin hatiman wasiƙu. John Hunwick ya buɗe cibiyar ɗaukar hoton littattafan Larabci a Jami'ar Ibadan, Abdullahi Smith ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa a Zariya, sannan ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a gidan da Sardauna ya zauna. Amma babban mai tarawa a cikinsu duka ɗan gida ne, Waziri Junaidu, wanda ya riƙe gadon kakanninsa ya kuma buɗe wa masu bincike ƙofa. A wurinsa Murray Last ya zauna ya karanta wasiƙun da suka zama ƙashin bayan littafinsa na 1967 a kan daular Sakkwato. Dakta Yusufu Bala Usman ma, da ya zo rubuta tarihin Katsina, ya haɗa zancen baka da takardun hannu daga ɓangarori biyu na iyaka.

Wannan zamani ya yi aiki babba, sai dai idonsa ya fi karkata ga littattafan Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da Bello da wasiƙun manyan fadoji. Ƙananan masarautu da gidajen malaman ƙauye ba su sami irin wannan kulawa ba, balle takardar talaka. Wasu tarin kuma suka ƙetare teku. Littattafai da takardun Malam Umaru Falke na Kano, wanda ya rasu a 1962, fiye da guda 3,000, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Wasiƙun da Abubakar Imam ya rubuta wa Lugga bayan tafiyarsa Ingila a 1943, inda ya zayyana matsalolin mulkin En'e ba tare da ɓoye-ɓoye ba, can wurin mai karɓa suka nufa. Ba na ganin laifin wanda ya ajiye, da bai ajiye ba da babu. Abin da ke damuna shi ne ɗalibi a Sandamu ko Mai'aduwa ba shi da hanyar ganin ko hotonsu.

Takardun da suka fi shiga haɗari su ne waɗanda ba a ɗauke su tarihi ba. Alhazan da suka tafi Makka a ƙasa ta Fort Lamy da Sudan, suka yi shekaru a hanya, sun riƙa aiko da takarda ta hannun masu dawowa. Sojojin da aka kai Bama a yaƙin duniya na biyu sun rubuto gida. 'Yan ci-rani da 'yan koli sun zauna gaban mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya sun faɗi saƙonsu. Malamai sun yi wa juna tambayar fiƙihu da gado, almajiri ya rubuto wa mahaifi daga gabas, wani ya aika wa mai rubutun Alƙur'ani da takarda yana tambayar yaushe zai gama da nawa ne ladansa. Irin wannan ta ƙarshe ita ce za ta ba mu sunan mai zayyana da garinsa da farashin aikinsa, abin da shafin Alƙur'anin kansa sau da yawa ba ya faɗa. Ko masu zanen zamani da suka taso a kwalejin Zariya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, abin da ya sa aka san tunaninsu dalla-dalla shi ne ɗaya daga cikinsu, Uche Okeke, ya adana takardunsa da littafin da yake rubuta al'amuran yau da kullum, ya gina musu wuri a garinsu Nimo. Magina da masu zayyana da maɗinkan Daura su ma suna da haƙƙin a san su da suna.

Maƙiyan takarda sanannu ne: gara, da ɗigar ɗaki da damina, da ɓera, da gobara. Wanda ya fi su ɓarna shi ne ranar rabon gado. Ana raba littattafan malami tsakanin 'ya'ya, warwatsattsun takardun da ke ƙasan gafaka ko adaka kuwa, da yake akwai sunan Allah a jikinsu, sai a ƙone su ko a binne don girmamawa. Niyyar kyakkyawa ce, amma ajiyewa ma girmamawa ce, ta kuma fi amfani. Akwai kuma ɓarnar mai son gyara: a liƙa salatif a inda ya yage, ko a kai shago a rufe takarda cikin leda da zafi, wanda ba ya warwaruwa kuma yana cin tawada. Sai dillalai masu sayen tsofaffin rubuce-rubuce su raba su shafi-shafi. Takardar da aka raba da gidanta ta rasa rabin darajarta, domin sanin a gafakar wa aka same ta shi ke faɗin wanda aka rubuta wa.

Aikin da ke gaban Daura kashi biyu ne, kuma ba ya buƙatar a ƙwace wa kowa kayansa. Na farko a bi sawun abin da ya fita: a je Kaduna, da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Kano, da fadar Damagaram, a ɗauko hoton duk takardar da ta fito daga Daura ko Zango ko Baure, a tara su wuri guda a cikin birni. Na biyu a bi gidajen limamai da alƙalai da hakimai da zuriyar sarakunan gidajen nan uku, a ɗauki hoton abin da ke hannunsu gaba da baya, a rubuta sunan gidan da na wanda ake jin shi ya rubuta, a bar musu asalin a cikin takarda mai tsabta a wuri busasshe. Majalisar Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar ita ce za ta iya buɗe waɗannan ƙofofi da kalma ɗaya, hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Katsina tana da hurumin aikin, kwalejin da ke ɗauke da sunan Yusufu Bala Usman kuma a Daura take, da ɗalibai masu karanta Larabci da ajami. Dattawan da za su dubi takarda su ce wannan hannun Malam wane ne suna raguwa kowace shekara, don haka da su ya kamata a fara.

Kai kuma mai karatu, idan akwai tsohuwar gafaka ko adaka a gidanku, ka nemi izinin manya ka buɗe ta a gabansu. Kada ka sauya jerin takardun, kada ka liƙa musu komai. Ka ɗauki hotonsu da wayarka, ka tambayi wanda ya fi kowa shekaru a gidan wa ya aiko da kowace, ka rubuta amsarsa da kwanan wata.